An ba ni kambun kyaftin na tawagar kofbol ta ƙasa: ta ina zan fara?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan zaure na wasanni. Na zo da wata tambaya da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma ina fatan waɗanda suka riga ni shiga harkar wasa za su ba ni ɗan lokacinsu.

Shekara huɗu ke nan ina buga wasan korfball, wanda mu a wajenmu muke furtawa da kofbol. Saboda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, bari in ɗan bayyana yadda yake. Kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum takwas, maza huɗu da mata huɗu. An raba filin gida biyu, kuma a kowane ɓangare akwai sanda mai tsawon mita 3.5 da kwando marar gindi a samanta, babu allo a bayansa irin wanda ake gani a ƙwallon kwando. Maza biyu da mata biyu ne ke tsayawa a ɓangaren kai hari, sauran huɗun kuma a ɓangaren tsaro, ba wanda ke tsallaka layin tsakiya, sannan duk sanda aka jefa ƙwallo biyu a kwando sai a yi musanya, masu tsaro su koma kai hari, masu kai hari su koma tsaro. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a kuma tafiya ana buga ta da ƙasa. Namiji ne ke tsare namiji, mace ce ke tsare mace.

Ina zaune a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma da ba ta daɗe da fara wannan wasa ba, kuma ba zan ambaci sunanta ba don ba a sanar da jerin 'yan wasa ba tukuna. Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga atisaye, kocinmu ya ja ni gefe ya ce ni ne zan ɗaura kambun kyaftin idan muka tafi gasar nahiya, wadda daga ita ake samun gurbin zuwa gasar cin kofin duniya. Na yi masa godiya, amma tun a kan hanyar komawa gida jikina ya yi sanyi. Shekaruna 26, daga ƙwallon hannu na fito, ban taɓa jagorantar ko ƙungiyar unguwa ba.

Ga halin da muke ciki ba tare da ɓoye komai ba. Mu 14 ne, maza takwas da mata shida, kuma huɗu daga cikin matan ba su cika shekara biyu da fara wasan ba. Sandunanmu bututun ruwa ne da wani mai walda ya haɗa mana, muka dasa su cikin tsofaffin tayoyin mota da aka cika da siminti, kwandon kuma bokitin roba ne da aka yanke wa gindi. Idan iska ta taso sai wani ya tsuguna ya riƙe tayar. Yawancin lokaci ma a filin ƙwallon kwando na wata makaranta muke yin atisaye. Babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa wasa a rufaffen zaure da agogon ƙidayar jifa a kansa, wato agogon da ke ƙayyade lokacin da masu kai hari ke da shi su yi jifa. Daren jiya na zauna na kalli wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2023 a YouTube, na ga yadda 'yan Holan ke jefa ƙwallo daga nesa tana faɗawa kwando ba ta ko taɓa baki, sai na kashe wayar na kasa barci.

Tambayoyina uku ne. Mene ne ainihin aikin kyaftin a wasan da ba zai iya ko tsallakawa ya taimaki rabin mutanensa ba? Me ya kamata mu fi mayar da hankali a kai cikin wata huɗun da suka rage? Kuma wane buri zan sa wa 'yan'uwana a gaba, wanda ba zan yi musu ƙarya ba, ba kuma zan kashe musu gwiwa ba?

Baban Safiya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya taya ka riƙo. Shekarata 23 a Holan, a wani ƙaramin gari kusa da Rotterdam, kuma 'ya'yana biyu duk a ƙungiyar kofbol ta garin suka tashi, don haka Asabar ɗin da na yi a bakin fili ba su ƙirguwa. Ban taɓa bugawa a babban mataki ba, amma abin da ido ya daɗe yana gani zan faɗa maka.

Da farko ka daina auna kanka da abin da ka kalla daren jiya. A nan aka haifi wasan. Wani malamin makaranta a Amsterdam mai suna Nico Broekhuysen ne ya tsara shi a 1902, bayan ya halarci wani kwas a garin Nääs na Suwidin inda ya ga wani wasa makamancinsa, kuma kalmar korf a harshensu kwando take nufi. An nuna shi a wasannin Olamfik na Antwerp a 1920 da na Amsterdam a 1928, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1933. Ƙungiyoyin da ke ƙasar nan ɗaruruwa ne, yaro yana fara jifa tun bai kai shekara bakwai ba da gajeriyar sanda, wasan ƙarshe na babbar gasarsu kuma cika katafaren zaure yake yi da dubban 'yan kallo. Tun da aka fara gasar cin kofin duniya a 1978, sau ɗaya tak kofin ya kuɓuce wa Holan, a 1991, lokacin da Beljiyam ta doke su a Antwerp. Wanda ka gani a bidiyo ya yi shekara ashirin yana jifa kafin ranar. Kai ba da shi za ka kara a gasar nahiya ba.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne filin ƙwallon kwandon nan. Zoben ƙwallon kwando tsawonsa mita 3.05 ne daga ƙasa, kwandon kofbol kuma 3.5, wato akwai tazarar kusan rabin mita, ga kuma allo da ke gyara wa mai jifa kuskurensa. Hannun da ya saba da wancan tsawon zai riƙa jifa ƙasa-ƙasa ranar gasa, kuma ba a gyara wannan cikin kwana biyu. Ku yi amfani da daɓen filin idan shi kaɗai kuke da shi, amma kada kowa ya sake jifa a zoben. Ka ɗauko awo ka auna sandunanku daga ƙasa zuwa bakin bokitin, ka tabbata 3.5 ne cif, ka kuma auna faɗin bakin, domin na ainihi tsakanin santimita 39 zuwa 41 yake. Sannan ku dasa sandar a cikin fili yadda doka ta tanada, da sarari a bayanta. Wanda ya fito daga ƙwallon hannu ko ƙwallon kwando yakan manta cewa ana kewaya sandar ta kowace fuska, sai ka ga mutum huɗu sun cunkushe a gabanta alhali bayanta fayau.

Game da atisaye, ni a ganina kashi biyu cikin uku na lokacinku ya tafi a kan jifa. Ɗiyata Safiya, tun tana 'yar shekara goma, kocinsu ba ya barin su tashi sai kowace biyu-biyu sun cika adadin da ya yanka musu: ɗaya tana jifa, ɗaya tana tsaye a gindin sanda tana cafe ƙwallon tana mayar mata, daga mita uku, sai biyar, sai bakwai. Na sha tsayawa cikin sanyi ina jiran ta cika nata. Dalilin wannan naci yana cikin dokar wasan. Ba a yarda ka yi jifa ba matuƙar mai tsaronka yana tsakaninka da sanda, yana fuskantarka, yana kusa da kai gwargwadon miƙa hannu, yana kuma ƙoƙarin tare ƙwallon. To idan ka iya jifa daga nesa, dole ya matso jikinka, da ya matso kuma sai ka miƙa ƙwallon ga wanda ke gindin sanda, ka wuce shi a guje, a mayar maka ka ɗora ta daga ƙasa da hannu biyu. Wannan shi suke kira doorloopbal a nan. Idan kuwa abokan karawa suka gane ba ku ci daga nesa, sai su ja baya su bar ku kuna jifa, babu wanda za ku wuce, wasan ya mutu a hannunku. Duk wata dabara da za ku tsara tana rataye ne a kan wannan.

Maganar aikin kyaftin kuma, ka riga ka taɓo ta da kanka. Kai da mutum uku ne kawai a ɓangarenka daga farkon wasa har ƙarshe, sauran huɗun kuwa sai dai ka tsaya a bakin layi kana kallonsu. A nan kowane ɓangare, wanda suke kira vak, kamar ƙaramar ƙungiya yake, yana da mai faɗa a ji nasa ko da ba ya ɗaure da kambu. Ka zauna da koci tun yanzu ku fitar da wanda zai riƙe ɗaya ɓangaren, ka kuma sanar da kowa cewa maganarsa a can maganarka ce. Kada ka zama kyaftin ɗin da ke tsaye a layin tsakiya yana ta ihu ga mutanen da ke ƙoƙarin sauraron juna.

Shawara ta ƙarshe, wadda wataƙila wasu ba za su so ta ba: hukumarku ta bincika ko akwai 'yan asalin ƙasarku da aka haifa a Holan ko Beljiyam masu buga wasan. Suriname, wata ƙasa a Kudancin Amurka, haka ta yi. Yawancin 'yan wasanta a ƙungiyoyin Holan suke bugawa, ta ci gasar nahiyar Amurka a 2018, ta kuma shiga cikin takwas na farko a gasar duniya ta Durban, a Afirka ta Kudu, a 2019. Ko mutum biyu kuka samu, ɗaya a kowane ɓangare, za su sauya muku wasa.

Malama Hauwa ta amsa:

Assalamu alaikum. Ina taya ka murna, ɗan'uwa, kuma na ƙaru da bayanin Baban Safiya. Ni malamar motsa jiki ce, na buga kofbol shekara biyu a ƙungiyar ɗalibai lokacin da nake karatun digiri na biyu a Ingila, inda jami'o'i da dama ke da ƙungiyoyinsa. Akwai jimla ɗaya a cikin bayaninka da na tsaya a kanta na sake karantawa, wato inda ka ce ku maza takwas ne da mata shida, huɗu daga cikin matan kuma sababbi ne. A ganina a nan za a ci ku ko ku ci, kuma a nan aikinka yake.

Ka duba lissafin. Dole mata huɗu su kasance a fili a kowane lokaci, kuma mace ce kawai ke canjin mace. Kana da maza huɗu a benci, mata biyu kacal. Gasa irin wannan ana buga wasanni ne kusan kullum cikin 'yan kwanaki, don haka idan ɗaya ta gurɗe a ƙafa, wata kuma zazzaɓi ya kama ta, ba ka da sauran canji. Idan da hali, a daidaita jerin ya zama bakwai da bakwai, ko da hakan na nufin a bar wani namijin da ya fi wata macen ƙwarewa. Na san magana ce mai nauyi ga wanda za a bari, kuma mai yiwuwa abokinka ne, amma gara a yi ta yanzu.

Abu na biyu shi ne abin da ke faruwa cikin wasan kansa. A ƙungiyoyin da suka fara koyo, abin da na gani sau da yawa shi ne maza biyu suna ta miƙa wa juna ƙwallo suna jifa, mata biyu kuma an mayar da su masu tsayawa gindin sanda. Ni kaina na yi wasanni uku a jere ban yi jifa ko sau biyar ba, har sai da wata tsohuwar 'yar wasa ta tsayar da atisaye ta sa aka ƙirga. Ƙungiya mai wayo tana gane wannan cikin minti biyar. Matan da ke tsaron naku za su saki jiki su koma tare hanyoyin miƙa ƙwallo, sai ku zama kamar mutum biyu suna fama da huɗu. A ɗaya gefen kuma, za su lura da wacce ta fi rauni a tsaro cikin matanku su riƙa bi ta kanta, kuma doka ta hana ka zuwa ka tare mata, ko da kana tsaye kusa da ita. Duk ƙarfinka da tsawonka ba za su amfane ta ba a wannan lokacin. Abin da zai amfane ta shi ne awannin da aka ba ta a atisaye kafin ranar. Saboda haka ina ba ka shawara ka sa wani ya zauna da takarda a kowane wasan gwaji yana rubuta wa ya yi jifa, sau nawa, sau nawa ta shiga, a karanta a gaban kowa. Ka kuma roƙi koci a riƙa ware wasu mintuna da mata kaɗai ke da izinin jifa. Idan kai ne ka fara miƙa ƙwallo ga sabuwar 'yar wasa alhali kana da damar jifa, sauran mazan za su bi.

Abu na uku bai shafi fili ba, amma shi ne zai iya hana ku tafiya gaba ɗaya. Wasan maza da mata ne a fili ɗaya, ga kuma tafiya wata ƙasa da kwana a can. A gidajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma iyayen da suka yi jinkiri ba su yi laifi ba. Ko a Holan ɗin, a shekarun farko an zargi masu wasan da rashin ɗa'a saboda cuɗanyar da kuma suturar matan. Kada ka bari sai biza ta fito sannan a je neman izini. Ku tafi gida-gida tun yanzu, kai da koci da wata dattijuwa da ake ganin girmanta, ku gaisa, ku nuna wa iyaye bidiyon wasan su ga da idonsu cewa mace ce ke tsare mace kuma an hana riƙo da turi. Ku gaya musu wace babbar mace ce za ta raka 'ya'yansu, ina za su kwana, yaushe za su dawo. Ku rubuta wa masu shirya gasar tun da wuri game da suturar da 'yan wasanku za su sa, ɗankwali da dogon wando da riga mai dogon hannu ga mai so, ku karɓi amsa a rubuce ku riƙe. Wanda ya saurare ku ya ce a'a, ku yi masa godiya ku girmama hukuncinsa, kada kuma a tsangwami yarinyar. Wannan ma wani dalili ne na neman mata fiye da shida.

Wanda zai riƙe ɗaya ɓangaren da Baban Safiya ya ambata, ina ganin ya dace ta zama mace, ɗaya daga cikin biyun da suka daɗe. Akwai abubuwan da 'yan matan ba za su taɓa gaya maka ba, amma za su gaya mata.

Tsohon Alƙali ya amsa:

Salamu alaikum. Yaro, Allah ya ba da sa'a. Na yi shekaru ina busa usur a ƙwallon hannu kafin in halarci kwas ɗin alƙalancin kofbol, don haka ta fuskar doka zan yi magana, sannan in saɓa wa Baban Safiya a wuri ɗaya.

A dokar wasan, kyaftin yana ɗaura kambu a dantse yadda kowa zai gani, shi ne wakilin ƙungiyarsa, kuma shi ke da alhakin ɗa'ar 'yan wasansa. Yana da damar jawo hankalin alƙali ga abin da yake ganin zai gyara tafiyar wasa, da sharaɗin ya yi cikin ladabi. Wannan dama kamar kuɗin guziri take, idan ka kashe ta a minti goma na farko kan ƙananan abubuwa, ba za a saurare ka ba lokacin da babban abu ya taso. Ka gaya wa mutanenka tun a gida cewa ba mai magana da alƙali sai kai.

Sababbin tawagogi sukan zubar da wasa ta hanyar laifuffukan da ba su san laifi ba ne, domin a gida ba a busa musu. Mai ƙwallon hannu ya saba da taku uku da ƙwallo, a nan kuwa gudu ne. Ya saba da sa ƙirji ya tare mutum, ya saba da ture ƙwallo daga hannun abokin karawa da buɗaɗɗen tafi, duk a nan laifi ne. Idan laifin ya hana wani damar ci a sarari, fanareti ne daga mita 2.5 ba mai tsaro a gabansa, kuma ƙwararru ba su cika ɓarar da shi ba. Ga kuma jifa alhali ana tsare da kai, wanda ko ta shiga ba a ƙirgawa, ƙwallon ma ta koma hannun abokan karawa. Ku nemi wanda zai riƙa busa muku da tsanani a kowane atisaye. Agogon jifa kuma ba ya buƙatar na'ura: daƙiƙa 25 ne masu kai hari ke da su don ƙwallon ta shiga kwando ko ta taɓa shi, idan ta taɓa a sake ƙirga daga farko. Yaro ɗaya da waya a hannu yana ƙirga goman ƙarshe da ƙarfi ya wadatar. Ku kuma yi ƙoƙari ku sami rufaffen zaure ko sau uku kafin tafiya, saboda takalmi yana kama daɓen zaure fiye da yadda yake kama siminti mai ƙura, kuma gwiwa da idon sawu suna buƙatar sabo da hakan.

Inda na saɓa wa Baban Safiya shi ne maganar ɗauko 'yan wasa daga Turai. Suriname tana da tarihi na musamman da Holan, ta yi zama ƙarƙashin mulkinta har 1975, kuma jama'arta a can suna da yawan gaske. Ku ba haka kuke ba. Ko da kun samu, ku tuna yaran da suka riƙe tayar nan cikin iska shekara huɗu. Misalin da na fi so ku duba shi ne Taiwan, wadda ta gina wasan a makarantu da jami'o'inta. Ta zo ta uku a gasar duniya ta 1991, ta ci tagulla a gasar wasanni iri-iri ta World Games a Kaohsiung a 2009, ta ci azurfa a wannan gasa a Wroclaw a 2017, sannan ta kai wasan ƙarshe a gida a 2023 ta bar Beljiyam a matsayi na uku. A nahiyarmu ma, Afirka ta Kudu ta daɗe tana gaba saboda ta riga kowa kafa wasan a gida, har ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta farko a Afirka, Zimbabuwe da Zambiya kuma suna biye da ita.

Batun buri, ka sa musu abin da za a iya ƙirgawa kuma yake hannunsu: kada a ba da fanareti fiye da kaza a wasa, kada agogo ya ƙare muku fiye da sau kaza, kowane ɗaya cikin takwas ya jefa aƙalla ƙwallo ɗaya kafin a gama gasar. Ku kuma zaɓi ƙasa ɗaya ko biyu da kuke ganin tsararku ne ku shirya musu musamman. A manyan gasannin kofbol ana buga wasannin tantance matsayi har ƙasa, saboda haka ko an sha kashi a rukuni akwai sauran abin da za a yi wa gumi.

Baban Safiya ya sake amsawa:

Malam, na karɓi gyaranka a kan Suriname, gaskiya ne yanayinsu daban yake. Sai dai ban janye maganar gaba ɗaya ba. Abin da na gani shi ne, wanda ya tashi cikin wasan yana koyar da abubuwa da jikinsa waɗanda koci ba zai iya faɗa da baki ba, kamar inda ake tsayawa a gindin sanda don a riga abokin karawa cafe ƙwallon da ta kuskure, wanda shi ne ke ba ƙungiya damar jifa sau uku ko huɗu a hari ɗaya. Idan sa su a tawaga zai ɓata zumunci, to a gayyato su su yi mako biyu suna atisaye da yaran su koma. Ƙungiyoyi a nan kuma sukan sauya kayan wasa, tsofaffin kwanduna da ƙwallaye suna nan a ɗakunan ajiya. Zan tambayi shugabannin ƙungiyar 'ya'yana ranar Asabar ko za su ba da kwando biyu, domin kwandon roba na ainihi yana mayar da ƙwallo daban da bokiti, kuma ya kamata masu tsayawa gindin sanda su saba da shi. Ƙanena, ka turo mini saƙo ta akwatin sirri mu ga yadda za a yi da kuɗin aikawa.

Maganar Malama Hauwa kuma ba ni da abin ƙarawa a kai. Matata ta karanta ta ce in gaya mata ta gode.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Baba, Malama, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Na buga amsoshinku a takarda na kai wa koci jiya da yamma, muka zauna a kan benci muka karanta tare har aka kira magariba.

Da safen nan na je da awon tela na auna sandunanmu. Ɗaya mita 3.4 ce, ɗayar kuma 3.3 da 'yan kai, wato shekara huɗu muna jifa a tsawon da ba shi ba ne. Mai walda ya ce zai ƙara musu tsawo gobe. Koci ya amince a nemo mace ta bakwai daga cikin 'yan ƙwallon raga na makarantar da muke atisaye, ya kuma ce shi zai yi magana da namijin da za a bari, amma na roƙe shi ya bari mu je tare. Na yi wa wadda ta fi daɗewa cikin matanmu maganar riƙe ɗaya ɓangaren, ta ce in ba ta kwana biyu ta yi shawara da mahaifiyarta. Ziyarar gidaje za mu fara ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma matar limamin unguwarmu ta yarda ta raka mu gida biyu na farko.

Saura abu ɗaya da muka kasa daidaitawa ni da koci, ina kuma neman ra'ayinku. Muna da mata biyu ƙwararru da maza uku da za a iya dogara da jifansu. Shi yana so a tara mafi ƙarfi a ɓangare ɗaya don a tabbatar da ci duk sanda suka karɓi hari, ni kuma ina tsoron cewa tunda sai an ci biyu ake musanya, ɓangaren mai rauni zai iya maƙalewa a hari na tsawon lokaci ba ci, ko a yi ta ci ta kansa idan ya koma tsaro. Baba, a ƙungiyoyin da kake kallo, raba ƙarfin ake yi daidai ko tarawa? Malam, shin doka ta bar mu mu sauya wa ɗan wasa ɓangare a tsakiyar wasa idan muka ga tsarin bai yi ba?